Koto mai rai ko na bogi: kan me masu fatsar kifin bas suke jayayya a Amurka?

Duk mai yawan kallon bidiyon kamun kifi a YouTube ko Facebook ya san yadda abin yake. Ba'amurke ne tsaye a kan jirgin ruwa mai sheƙi, ya wurga wata 'yar roba mai siffar tana, ya fizgo ƙaton kifi mai bakin kwano da ake kira bas, ya ɗaga shi a ɗauki hoto, ya mayar da shi ruwa. Idan kuwa wani ya fito da kifin da ya fi wannan girma amma ya ce da ƙaramin kifi mai rai ya kama shi, sai ka ga an yi masa ca, wasu suna cewa ai wannan maguɗi ne, wasu suna cewa bai iya fatsa ba. Mai kallo daga nesa sai ya rasa gane kan zancen. Tunda kifi ake nema, kuma kifi abin da yake ci ke nan, ina laifin wanda ya ba shi abincinsa?

Tambayoyi uku ne aka cakuɗa wuri guda, shi ya sa gardamar ba ta ƙarewa. Akwai tambayar wanne ya fi kama kifi. Akwai tambayar wanne ne ya cancanci a kira gwaninta. Akwai kuma tambayar wanne ya fi yi wa kifin da ruwan ɓarna. Kowace da amsarta, kuma amsoshin ba su bi gefe ɗaya ba.

Kifin da ake magana a kansa

Bas kifin ruwan daɗi ne, ɗan asalin gabashi da tsakiyar Amurka ta Arewa. Iri biyu suka fi shahara: mai babban baki, wanda ya fi son tafkuna masu ɗumi da ciyawa, da mai ƙaramin baki, wanda ya fi son ruwa mai sanyi da duwatsu. Mafarauci ne. Yana cin ƙananan kifaye, kwaɗi, ƙwari, da wani ƙwaron ruwa mai ƙafafun almakashi, dangin jatan lande. Babba daga cikinsu ba ya ƙin ɗan agwagwa ko ɓera idan ya faɗo ruwa.

Yadda yake farauta shi ne tushen komai. Yakan laɓe a gindin ciyawa ko ƙarƙashin icen da ya nutse, abu na giftawa sai ya wangale baki a lokaci guda, ruwa da abin da ke cikinsa su zuƙo ciki. Yana aiki da ido, yana kuma aiki da wani layi da ke gefen jikinsa wanda yake jin girgizar ruwa da shi ko da ruwan ya yi dagwalo. Saboda haka sau da yawa yakan kai cafka kafin ya tantance abin da ya cafka. Idan ya ji abin ba abinci ba ne, sai ya furzar da shi nan take. A cikin wannan ɗan taƙin, tsakanin cafka da furzarwa, duk sana'ar koton bogi take rayuwa.

Abin da kowane ɓangare yake riƙe da shi

Koto shi ne abin da ake sa wa ƙugiya don jawo kifi. Mai rai bai buƙatar dogon bayani: tana, ƙaramin kifi, ƙwaron nan mai almakashi, ko kwaɗo. A jihar Florida, inda aka fi ƙwarewa a wannan hanyar, wani ɗan kifi mai ruwan zinariya ake amfani da shi, mai tsawon tafin hannu ko fiye. Ana soka masa ƙugiya ta leɓe ko ta bayan ƙayar gadon bayansa yadda ba zai mutu ba, a ɗaura 'yar ƙwallon soso a jikin igiya don ta zama alama, a sake shi a bakin kainuwa. Daga nan sai kallo. Idan bas ya matso, ɗan kifin ne zai fara ba da labari: zai rikice, ya riƙa tsalle a saman ruwa yana neman tsira, alamar ta riƙa rawa. Can sai ta nutse gaba ɗaya. Mai fatsa ba ya fizga nan da nan, yakan ɗan saurara kifin ya gama kai koton cikin baki, sannan ya ɗaga sanda da ƙarfi. A riƙe wannan sauraren, domin za mu dawo kansa.

Koton bogi kuwa ƙirar hannu ne, na katako ko ƙarfe ko roba, kuma ba ya yin komai da kansa sai abin da hannun mai shi ya sa shi. Tarihinsa na zamani bai wuce shekara ɗari da 'yan kai ba. A ƙarshen shekarun 1890 wani mai kiwon zuma a garin Dowagiac na jihar Michigan, James Heddon, ya fara sassaƙa koton katako mai yawo a saman ruwa, zuwa 1902 kuma ya zama sana'a. A 1936 wani talakan masunci a ƙasar Finland, Lauri Rapala, ya lura cewa manyan kifaye sukan ware ɗan kifin da ke tangaɗi saboda rauni daga cikin garke su cafke shi. Sai ya sassaƙa ɓawon ice, ya naɗe shi da takardar gwangwani ta cakulan, ya yi ta gyara har ya riƙa tangaɗi irin na mai rauni. Sunansa ne a kan kamfanin Rapala har yau. A 1949 kuma wani ma'aikacin injina a Akron ta jihar Ohio, Nick Creme, ya dafa roba a ɗakin girkin gidansa ya zuba ta a siffar tana, kuma wannan tanar robar ce ta sauya fatsar bas fiye da kowace ƙira.

Abin da ya ba ta wannan matsayi wata dabarar ɗauri ce da aka san ta da sunan jihar Texas. Ana zura 'yar darma mai siffar harsashi a igiya, a ɗaura ƙugiya, a soka ta ta kan tanar, a fito da ita, a juya, sannan a sake binne tsininta a cikin jikin robar. Tunda tsinin a ɓoye yake, ana iya jefa ta tsakiyar ciyawa ko rassan ice, inda bas yake kwana, ba tare da ta maƙale ba. Mai fatsa yana jan ta a hankali a ƙasan ruwa, yatsansa a kan igiya. Abin da zai ji bai wuce ɗan ƙwanƙwasa sau ɗaya ko biyu ba, wani lokaci ma igiyar ce kawai za ta yi nauyi ko ta fara tafiya gefe. A nan babu saurare. Dole ya fizga da ƙarfin da zai huda robar ya shiga leɓen kifin kafin a furzar.

Sauran ƙire-ƙiren suna da yawa: kifin roba mai leɓe wanda ke nutsewa idan an ja shi, waya mai ɗauke da faranti kamar cokali mai juyawa yana walƙiya, kwaɗon roba da ake jan sa a saman ciyawa, ƙugiya mai kan darma da gezar roba. Wasu kamfanonin suna cusa gishiri da ƙamshi a cikin robar don kifin ya ɗan ƙara riƙewa, abin da ya nuna su ma sun san inda mai rai ya fi su.

Kunnen doki tsakanin Jojiya da Japan

Babu inda wannan gardama ta fito fili kamar a kan kambun bas mafi girma a duniya, wanda mutum biyu suke riƙe da shi tare.

Na farko George Perry ne, wani matashin manomi a jihar Jojiya. Ranar 2 ga Yuni, 1932, a tsakiyar matsin tattalin arzikin da ya durƙusar da Amurka, ruwan sama ya hana shiga gona, sai shi da abokinsa suka tafi wani ɗan tafki mai suna Montgomery neman abin miya. Da koton katako na kamfanin Creek Chub ya kama kifi mai nauyin laba 22 da oza 4, wato kilo 10 da 'yan kai. Aka auna shi a garin Helena, ya shigar da shi gasar mujallar Field & Stream ya ci kyautar kaya na dala 75, kifin kuma iyalinsa suka cinye shi. Shekara 77 ana bin wannan kambu ba a kamo shi ba.

Na biyu Manabu Kurita ne, ɗan Japan, wanda ya kama nasa a tafkin Biwa ranar 2 ga Yuli, 2009, mai nauyin kilo 10.12. Ya ɗara na Perry da kusan oza ɗaya, wato wajen giram 28. Sai dai dokar ƙungiyar IGFA mai tantance irin waɗannan kambu ta ce kifin da bai kai laba 25 ba sai ya zarce na baya da oza biyu kafin a ce ya doke shi. Bayan an yi wata shida ana bincike, har da sa Kurita a na'urar gano ƙarya, a Janairun 2010 aka ce sun yi kunnen doki. Shi kuma Kurita da ƙaramin kifi mai rai ya kama nasa.

Abin lura shi ne yadda labarin ya juya tunanin da aka saba. An ɗauka koton bogi na masu wasa ne 'yan gayu, mai rai kuma na mai neman abin kai wa baka. Ga shi mai neman abincin iyali da katako ya kama, ƙwararren da ya sadaukar da shekaru yana farautar manyan bas kuma da mai rai. IGFA ba ta bambanta su ba, domin a dokarta duka biyun halal ne.

Ba su kaɗai ba ne. Bob Crupi ya kama nasa mai kusan kilo 10 a tafkin Castaic na Kalifoniya a 1991 da ƙwaron almakashi mai rai. Kambun jihar Texas, laba 18.18, Barry St. Clair ya kafa shi a tafkin Fork a Janairun 1992 da ɗan mitsitsin kifi mai rai, alhali ma wani kifin dabam ya fita nema. Duk masu jirage da akwatunan roba da suka yi ta kai-komo a wannan tafki, har yau ba wanda ya karɓe shi.

(Wani ɗan ratse a kan Japan, domin yana da daɗin ji. Bas ɗin kansa baƙo ne a can, a 1925 aka kai shi tafkin Ashi daga Amurka. Kifin da Kurita ya yi koto da shi ma baƙo ne: magajin garin Chicago ne ya ba Yarima Akihito kyautarsa a 1960, ya yaɗu ya addabi kifayen ƙasar, har Akihito, yana sarki, ya fito a 2007 ya nuna takaicinsa. A tafkin Biwa hukuma hana mayar da bas ruwa ta yi. Abin da ake yi wa kirari a Jojiya, a can annoba ake ɗaukarsa.)

Daga ina maganar maguɗi ta samo asali?

Daga gasa. A 1967 wani mai tallar inshora daga jihar Alabama, Ray Scott, ya shirya gasar kamun bas a tafkin Beaver na jihar Arkansas. Mutum 106 suka shiga, kowa ya biya dala 100. Shekara ta zagayo ya kafa ƙungiyar masu fatsar bas mai suna B.A.S.S., a 1971 kuma aka yi babbar gasarta ta farko, Bassmaster Classic, a tafkin Mead, inda zakara ya tafi da dala 10,000. A shekarun baya-bayan nan kyautar ta kai dala 300,000.

Matsalar Scott ita ce a lokacin gasar kifi ta yi ƙaurin suna wajen cuta, mutane ba su yarda da ita ba. Sai ya tsaurara dokoki, ciki har da hana koto mai rai. Hujjar tana da ma'ana a cikin gasa. Idan an bar mai rai, wanda ya samu mai sayar da kifaye masu ƙoshin lafiya ya riga ya yi gaba, kuma ana iya zuba su a wuri guda a tara bas kafin a fara. Idan kowa roba ce a hannunsa, abin da ake aunawa shi ne sanin inda kifi yake da iya sarrafa sanda.

Akwai kuma hujjar da ba a cika faɗa ba, ita ce kuɗi. Kamfanonin ƙera koto da sanduna da jirage su ne masu ɗaukar nauyin gasa da 'yan wasanta. Zakara yakan ɗaga robar da ya ci gasa da ita a gaban kyamara, kafin mako ya zagayo ta ƙare a kantuna. Tana kuwa ba ta da tambari, ba wanda zai biya ɗan wasa ya yi tallarta. Shekara hamsin ana kallon wannan a talabijin da mujallu, sai dokar da aka yi don filin gasa ta zama ma'aunin mutunci a bakin kowane tafki.

A ganina nan ne zargin ya fi rauni. Wanda bai shiga gasa ba, bai sa hannu a dokarta ba, ya sayi lasisinsa, jiharsa ta halatta masa mai rai, babu wanda ya cuta. Kuma masu zargin da yawa suna ɗauke da na'urar da ta fi koto mai rai sauƙaƙa kamu. Tun 2018 da kamfanin Garmin ya fito da LiveScope, mai fatsa yana iya ganin kifi yana iyo a kan allo, ya ga robarsa tana sauka a gabansa, ya ga ko ya juyo. Abin ya kai ƙungiyoyin gasar da kansu suka fara taƙaita amfani da ita. Mai kallon kifi a allo ya kira mai tana a gwangwani ɗan maguɗi, wannan kam da wuyar haɗiya.

To wanne ya fi kamu?

Ya danganta da abin da ake nema da halin da ruwa yake ciki, amma ba kamar yadda masu kaucewa amsa suke faɗa ba, domin an san inda kowanne ya fi.

Jikin kifi yana bin zafin ruwa. Idan ruwa ya yi sanyi sosai, ko iska mai sanyi ta buso bayan kwanakin ɗumi, bas yakan yi lakwas ya daina bin abu da gudu. A irin wannan rana ɗan kifi mai rai da ke wutsil-wutsil a gaban hancinsa na tsawon mintuna ya fi kowace roba. Haka a ruwa mai garai-garai inda kifi ke da damar duba abu da kyau. Haka kuma a kan manya, waɗanda suka shekara goma suna ganin robobi suna wucewa. Shi ya sa masu yi wa baƙi jagora a tafkin Okeechobee da madatsar Rodman a Florida, idan baƙo ya ce babban kifi guda yake so a rayuwarsa, sukan cika tanki da kifayen zinariya.

Maganar cewa wasu kifayen sun fi wasu wayo ma ba tatsuniya ba ce. Wani masanin kifi, David Philipp, da abokan aikinsa sun shafe shekaru suna gwaji da bas ɗin tafkin Ridge a jihar Illinois, suna ware masu saurin faɗawa ƙugiya da masu ƙi, suna haɗa kowane rukuni aure da irinsa. Sakamakon da suka fitar a 2009 ya nuna halin ana gadonsa. Ma'ana, tafkin da aka daɗe ana kwashe masu rawar kai, masu taka-tsantsan ne za su yawaita a cikinsa.

Inda bogi ya yi zarra shi ne nema. Mai koto mai rai yana zaune wuri guda yana jira, idan ya zaɓi wurin da babu kifi ya yi asarar yini. Mai roba yana iya jifa sau ɗaruruwa, ya share bakin tafki mai nisa, ya gwada sama da tsakiya da ƙasa. Yana iya sa kifin da ba ya jin yunwa ya kai cafka don haushi ko razana, musamman lokacin bazararsu da namiji ke gadin sheƙar ƙwai yana korar duk abin da ya matso. Yana shiga cikin ciyawar da ɗan kifi mai rai zai nannaɗe igiya a ciki. Kuma roba ba ta mutuwa a mota. Mai rai sai an kula da shi kamar majinyaci: tanki, injin hura iska, ruwa mai sanyi, ga kuɗin saye kowace fita.

Ƙugiya a maƙoshi

A 1972 Ray Scott ya fara yaƙin a daina kashe kifin da aka kama a gasa. Aka sa tankuna a jirage, aka riƙa rage maki ga wanda ya kawo mataccen kifi. Wannan al'ada ta bazu har ta kai yau yawancin masu fatsar bas a Amurka mayarwa suke yi. Da zarar mayarwa ta zama manufa, sai wata tambaya ta taso wadda ba ta dami George Perry ba: kifin da aka saki, zai rayu?

Abin da ya fi yanke wannan shi ne inda ƙugiya ta shiga. Idan a leɓe ne, ciwon kaɗan ne. Idan ta kai maƙoshi, ko ta yanki gaɓar numfashinsa da ke gefen kai, jini yakan ɓalle, kifin ya yi iyo ya tafi kamar lafiya, ya je ya mutu daga baya. Nan ne sauraren nan da muka ambata yake zama matsala. Bas ba ya furzar da abincin gaskiya, haɗiyewa yake yi, kuma duk daƙiƙar da aka ƙara jira ƙugiya tana ƙara nisa. Binciken masana kifi a kan nau'o'i da yawa ya daɗe yana nuna cewa koto na gaske ya fi jawo irin wannan sukar mai zurfi.

Wannan zargi ne na gaskiya, amma yana da magani. Akwai ƙugiya mai lanƙwasa wadda tsininta ya juyo ciki kamar zobe. Ko kifi ya haɗiye ta, idan aka ja igiya a hankali sai ta zamo daga ciki ba ta kama komai ba, ta zo ta maƙale a kusurwar baki. Sharaɗinta shi ne kada a fizga, a naɗe igiya kawai, abin da ke yi wa tsofaffin hannu wuyar koyo. Rage jira ma yana taimakawa. Sannan tanar roba mai gishiri da aka bari a bakin kifi saboda mai ita ya shagala, ita ma haɗiye ta ake yi. Zafin ruwa da daɗewa a waje ana hoto suna kashe nasu kason, ko da me aka kama.

Bokitin da ake juyewa bayan an tashi

Babbar tuhumar da ke kan koto mai rai ba a ƙugiya take ba, a bokiti take. Mutum ya sayi kifaye dozin uku, ya yi amfani da biyu, yamma ta yi, tausayi ya kama shi, sai ya juye sauran a tafki. Waɗannan kifaye wataƙila daga wata jiha mai nisa aka kawo su, kuma a cikinsu akwai abin da ba a sani ba: wani nau'in da ya shiga bisa kuskure, ƙwan wata halitta, ko cuta.

An ga sakamakon. Wani nau'in ƙwaron almakashi mai tabon tsatsa a jiki, ɗan asalin yankin kogin Ohio, ya isa tafkunan Wisconsin da Minnesota, kuma bokitin masu fatsa ake ɗora wa yawancin laifin. Ya kori na gida, ya cinye ciyawar da ƙananan kifaye ke fakewa a ciki. Wajen 2005 aka gano wata cutar zubar jini ta kifi a Manyan Tafkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada, ta kashe kifaye tuli, a 2006 gwamnatin tarayya ta taƙaita safarar kifi mai rai daga jihohin yankin. Ko tana ba ta tsira ba. Dazuzzukan arewacin Minnesota ba su da tana tun asali, waɗanda ke can yanzu 'yan Turai ne, suna cinye ganyen da ya rufe ƙasa wanda tsirrai ke tsirowa a ciki, shi ya sa hukuma ke cewa ragowar tana a zuba ta a shara.

Maganar ta taɓa kaiwa Kotun Ƙolin Amurka. Jihar Maine ta hana shigo da kifin koto mai rai daga waje. Wani mai sana'ar, Robert Taylor, ya yi odar kifayen zinariya kusan 158,000, aka kama su. Ya ce dokar ta saɓa wa 'yancin ciniki tsakanin jihohi. A 1986 alƙalai takwas cikin tara suka ba Maine gaskiya, suka ce jiha tana da ikon kare ruwanta ko da masana ba su gama tabbatar da girman haɗarin ba. Kowace jiha da tata dokar: Idaho da Utah sun hana koto da kifi mai rai, wasu sun yarda in a ruwan aka kama shi, wasu suna neman rasit daga mai sayarwa mai lasisi.

Roba da darma ma ba su fita ba

Tanar roba takan yage ta faɗa ruwa, ba ta ruɓewa, kifi ya tsince ta ya haɗiye, wasu irin ma kumbura suke yi a cikinsa. A 2013 aka kai ƙudurin hana su gaban majalisar jihar Maine ɗin dai, bai zama doka ba, aka ƙare a kan wayar da kai. Darmar da ake nauyaya igiya da ita kuma, wadda ɓangarorin biyu ke amfani da ita, guba ce ga tsuntsayen ruwa da ke haɗiye ta a zaton tsakuwa. Birtaniya ta hana ƙananan nauyin darma a 1987, jihar New Hampshire kuma ta faɗaɗa haninta a 2016 ya haɗa da ƙugiya mai kan darma ta oza ɗaya zuwa ƙasa. Ɓarna ce, amma ba ta hayayyafa. Baƙon nau'in da ya kafu a tafki kuwa da wuya a sake fitar da shi, kuma saboda wannan ne nake ganin bokiti ya fi roba haɗari.

Wa abin yake shafa?

Idan aka tsaurara doka a kan mai rai, ba ɗan gasa mai jirgin dubban daloli take taɓawa ba, shi dama ba ya amfani da shi. Tana taɓa yaron da kakansa ya kai bakin kududdufi da gwangwanin tana, da ma'aikacin da ke da yammacin Asabar kawai kuma yana so ya koma gida da kifi, da tsohon da kafaɗarsa ba ta iya jifa ɗari biyar. Tana taɓa masu ƙananan shagunan koto a bakin hanya, da manoman kifin koto na jihar Arkansas, musamman yankin Lonoke, inda yawancin ƙananan kifayen da ake kiwo don wannan sana'a a Amurka suke fitowa. Su manoman sun gane inda iska ta dosa, suka rungumi tsarin gwajin gonaki da ba da takardar shaidar cewa kayansu ba cuta ba baƙon iri, domin da ita ake buɗe musu ƙofar jihohi masu tsauri.

Masuncin da ke su don ciyar da gida, a Amurka ne ko a Yawuri ko a gaɓar tafkin Chadi, lissafinsa dabam ne tun daga tushe. Mai shimfiɗa mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi ya tafi ya dawo da safe ba shi da abin yi da koton da sai an motsa shi da hannu. Giwan ruwa mafarauci ne kamar bas, kuma baƙi masu fatsar nishaɗi suna kama shi da Rapala a tafkin Nasser na Masar, amma su kifi ɗaya suke nema a yini, kuma sun biya kuɗi don wahalar nemansa. Abin da ya haɗa ɓangarorin shi ne maganar ɗaukar kifi daga wani ruwa zuwa wani. Giwan ruwan da yake ɗan gida a kogin Kwara, da aka zuba shi a tafkin Victoria a shekarun 1950, yana cikin abin da ya ƙarar da ɗaruruwan nau'o'in ƙananan kifayen can. Bas ma an kawo shi Afirka ta Kudu a 1928 don masu fatsa su ji daɗi, yau kuma yana cikin jerin baƙin nau'o'in da dokar ƙasar ta sa wa takunkumi, saboda ƙananan kifayen kogunan yankin Cape da ya cinye.